Kwalbati Na Bakwai

Babana Fandi ya shekara hamsin da bakwai yana taka layin dogo guda ɗaya, daga garinmu Tal Ramla zuwa Ain Dulba, kilomita tara. Shekara goma daga ciki akwai jirgi. Sauran arba'in da bakwai ko hayaƙinsa babu. Kowa a wannan ɓangare na kwarin Bika'a ya san shi, kowa kuma da abin da yake faɗa a kansa: wasu su ce riƙon amana, wasu su ce taɓuwa. Ni 'yarsa Najah, mai toya gurasa a bakin tsohuwar tasha, ina cikin masu cewa taɓuwa, kuma ban taɓa ɓoyewa ba, a gaban idonsa ma na sha faɗa. Ban san akwai mutum kwance a gindin kwalbati na bakwai ba, ban kuma san babana ne ya sa shi a wurin da hannunsa ba, sai da ya rage kwana uku katafila ta isa wajen.

Aikinsa duba layi ne. Yana da shekara ashirin da biyu aka ba shi guduma mai doguwar ƙota, da jar tuta, da hula, da wata baƙar kwat mai maɓallan tagulla, an buga lambarsa a wuya. Da sassafe zai kama hanya yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurare. Yakan ce ƙarfe mai lafiya amsawa yake yi, mai tsaga kuwa gunaguni yake yi. Da yaƙin basasa ya tsayar da jirgi, abokan aikinsa kowa ya kama gabansa, wannan ya koma noman dankali, wancan ya tafi Kuwait. Shi kuwa gari na wayewa sai ya saɓa guduma. Aka sace katakon layi, aka sace ƙarafa rabi da rabi, ɓaure ya tsiro a tsakiyar hanya, bai fasa ba. Da tsufa ya taso masa, iyakar sassaucin da ya yi wa kansa shi ne dawowa a motar masu madara.

Allah bai ba shi ɗa namiji ba, shi ya sa ake kiransa Abu Najah, wato baban Najah. A shagon shayi sukan ce masa, "Abu Najah, jirgin ƙarfe nawa ne yau?" Ya ce, "Ya ɗan makara." Su kwashe da dariya, shi ko a jikinsa.

A ƙarshen tafiyarsa, gidan farko da ake tararwa a Ain Dulba shi ne na Abu Talal, babban manomin inabi. Ƙanwarsa Zahiya, wadda ba ta taɓa aure ba, kullum takan ajiye wa babana butar ruwa a kan katanga. Ta ce, "Abu Najah, layi lafiya?" Ya ce, "Layi lafiya." Ya sha, ya ajiye. Kafin ita uwarsu ce ke ajiye butar, tambayarta kuwa daban ce: "Ba ka ji wani labari na Milhim ba?" Milhim ɗanta ne, ƙanen Abu Talal, ya fita wata safiya a sanyin shekara ta uku ta yaƙi, yana ɗan shekara sha tara, bai dawo ba. Kowa ya ɗauka a shingen 'yan bindiga aka ɗauke shi, don a lokacin haka mutane ke ɓacewa. Tsohuwar ta mutu tana tambaya.

Bara waccan sai ga wata injiniya daga Zahle, Rula sunanta, siririya, ga baki kamar reza, ta zo da taswira. Za a mayar da layin hanyar masu tafiya da ƙafa da masu keke: a kwashe ragowar ƙarafa, a kankare tsakuwa, a shimfiɗa sabuwar hanya, a dasa itatuwa, a sa bencuna. Wallahi har guɗa na yi a wajen taron da aka kira kan maganar. Yaran garinmu a kan babban titi suke tuƙa keke tsakanin manyan motoci, biyu mun binne a shekara biyar. Ban da haka ma, ba zan yi ƙarya ba, na hango masu keke daga Bairut sun yi layi a bakin tanderuna suna jiran gurasa mai barbaɗen garin ganyen za'atar. Kuma aikin tuƙa katafilar ya faɗo a hannun Rakan, ɗan marigayi Baffa Dahham ƙanen babana, mai 'ya'ya uku, wanda ya shekara uku ba shi da tsayayyen aiki tun da kuɗinmu lira ta zama takarda.

Mutum ɗaya ne ya miƙe a taron ya ce bai yarda ba. Babana.

"Jirgi zai dawo," in ji shi. "In ya dawo ta ina zai bi?"

Wani daga baya ya ce, "Ta kan keke, Abu Najah!" Aka tuntsire da dariya. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bai tsaya nan ba. Ya bi injiniya har ofishin gari, ya bi ta wajen aiki. Da ya ga maganar jirgi ba ta ci ba sai ya sauko, ya ce to ya yarda, amma a kwalbati na bakwai a karkatar da hanyar, ko da taku goma ne. Ta ce, "Baba, dama gonar inabin Abu Talal ce, hagu rafi ne. Ina zan karkata? Kwalbatin ma ya ruɓe, sai mun tone gefensa biyu, zurfin tsayin mutum." Ni ina wurin, na kawo wa ma'aikata gurasa. Na ga fuskarsa ta canja, na ɗauka haushi ne kawai.

Aiki ya fara daga garinmu. Kullum katafila ta ci gaba, kullum babana ya ƙara ramewa. Ya daina cin kishk ɗinsa na safe, faten alkama da nono, abin da ko ranar da muka binne innata bai bari ba. Ranar wata Laraba, an wuce kwalbati na shida, sai ga Rakan ya kira ni a waya: "Yaya, zo ki ɗauke Baffa. Ya zauna a gaban katafila, mutane sun taru suna ɗaukarsa hoto."

Na bar ƙullu a kan tebur na tafi da motar gurasa. Na same shi zaune a kan tsakuwa, guduma a cinya. Ban lallashe shi ba. Na kama hannunsa na tura shi mota, muna shiga gida na rufe ƙofa na sauke masa kwandon da na daɗe ina tarawa.

"Baba, wai me kake so da mu? Ka mai da kanmu abin dariya shekara arba'in, mun haƙura. Yanzu kuma abincin yaron nan za ka zubar? Jirgin nan ya mutu! Ya mutu, Baba! Ko ubanka ne ai ka isa ka daina makoki!"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Zauna, Najah."

"Ba zan zauna ba, ƙulluna na can yana tsami."

"Milhim yana gindin kwalbati na bakwai. Ta ɓangaren gona."

Sai ga ni a zaune, ban san lokacin da na zauna ba.

Ya ba ni labarin tiryan-tiryan, kamar mai karanta takarda. A sanyin da Milhim ya ɓace babu man murhu, babu itace, dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi, mutanen garuruwan biyu suna ɓalle katakon layi suna ƙonawa. Da rana tsaka ya iso kwalbati na bakwai ya tarar da ƙanensa Dahham tsaye da ƙarfen ɓanɓara a hannu, Milhim kuma kwance, kai a fashe. A kan katako ɗaya suka yi faɗa, kowa ya ce shi ya fara ɓalle shi. Katako ɗaya, jama'a! Yaron bai cika nan take ba, ya kai kusan sa'a guda a hannun babana. A lokacin kowane gida a garuruwan nan da bindiga, ba hukuma, ba alƙali. Da an ji, kafin la'asar an fara ɗaukar fansa, kuma ba a kan mutum ɗaya za a tsaya ba. Ya kori Dahham gida, ya tuɓe kwat ɗinsa ya naɗe yaron, ya yi masa salla shi kaɗai, ya haƙa gindin kwalbatin inda ƙasa ba ta daskare ba, ya fuskantar da shi alƙibla.

"Kullum in na zo wurin nakan tsaya in yi masa Fatiha," in ji shi. "Wa zai yi masa in ban je ba?"

Na tuna sanyin nan sarai, ina 'yar shekara shida. Na tuna ya dawo ba kwat, innata na ta faɗa, ya ce an sace. Duk kwarin nan an san Abu Najah ya ƙare sanyin shekarar yana yawo da bargo a kafaɗa.

Na ce, "To a yi shiru mana. Ƙashi ne, ƙashi ba ya magana."

"Tagulla ba ta ruɓewa. Lambata na wuyan kwat ɗin."

"To sai mu ce kai ne! Wa zai taɓa tsoho mai shekara saba'in da tara?"

Ya dube ni kamar ba a garin aka haife ni ba. Kuma gaskiyarsa, na san amsar kafin ya faɗa. A wurinmu jini ba ya neman tsoho mai jiran kabari, wanda ya fi amfani a gidan yake nema. Gidanmu kuwa namiji ɗaya ya rage mai ƙarfi a jika, Rakan. Ga shi can a kan katafila, shi da kansa zai tono ƙashin, a bakin gonar Abu Talal, ga 'ya'yan Abu Talal biyu kullum suna tsaye a kan iyaka suna kallon aiki don kada a taɓa musu inabi.

Na ce, "Mu kwashe shi kafin su iso."

Nan ne kaɗai ya ɗaga murya. "Na binne shi sau ɗaya kamar ɓarawo. Ba zan tone shi kamar kura ba."

Na yi kuka, na yi zagi. Na zagi Baffa Dahham da ke kabari shekara goma, wanda ya mutu a kan gadonsa ana ta yabonsa. Na zagi jirgin, na zagi keke da wanda ya ƙirƙiro shi. Babana ya bar ni na gama, sannan ya ce ranar Juma'a in kai shi gidan Abu Talal, zai ajiye finjali.

Wanda ya tashi a cikinmu ya san nauyin wannan. In ka shiga gidan mutum aka zuba maka gahawa, ka karɓa ka ajiye a ƙasa ba ka sha ba, to da buƙata ka zo, kuma ba za ka sha ba sai mai gida ya ce an biya maka. Gahawar baƙo ta huce a gabanka abin kunya ne da ake gadar wa jikoki. Amma irin wannan buƙata da dattawa ake zuwa, mutum ashirin, talatin, da manyan wasu dangi a tsakani. Shi kuwa daga shi sai ni, sai motar gurasa.

Alhamis ban san yadda ta wuce ba. Na ƙona gurasa ta fi ashirin. Rakan ya biyo da yamma ya karɓi ta gidansa, yana ta ba ni labarin keken da zai saya wa babbar 'yarsa in an buɗe hanya. Ya ce, "Yaya, jibi da safe za mu fasa na bakwai, daga nan sai gangara." Na ce Allah ya kai mu. Na kasa kallon idonsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka isa. Babana ya sa tsohuwar hularsa ta aiki, ya bar guduma a gida, karo na farko a sanina. Zauren Abu Talal cike yake, kamar kowace Juma'a, mutum goma sha biyar ko fi. Ni na zagaya ta madafa, inda Zahiya ke yanka tumatir. Ƙofar da ke tsakanin madafar da zauren a buɗe take kaɗan. Ta ce, "Lale da Najah! Yau layi a mota ya zo?" Na yi yaƙe. Iska na kaɗowa daga gabas, ana jin gurnanin katafila can ƙasa-ƙasa, don Rakan ya koma aiki bayan salla.

Talal, babban ɗan gidan, shi ya zagayo da butar gahawa. Ya zuba wa babana. Babana ya karɓa da dama, ya sunkuya, ya ajiye a kan tabarma.

Duk idanun zauren suka koma kan finjalin.

Abu Talal mutum ne mai ƙiba da fara'a, ya haura saba'in. Ya yi dariya ya ce, "Kai, Abu Najah! Shekara hamsin kana shan ruwanmu, yau ka ajiye mana finjali? In maganar karkatar da hanya ce, ku ci taku goma a gonata, ku ci ashirin. Sha gahawarka. Abin da ka zo nema ka samu, ko mene ne."

Ni da ke bayan ƙofa zuciyata ta yi tsalle. Ya faɗa! A gaban shaidu goma sha biyar ya faɗa! A raina ina ta ihu, sha mana, Baba, sha, kurɓa ɗaya kawai, ka ɗaure shi da maganarsa sannan ka yi bayani!

Babana bai taɓa finjalin ba. Ya ce, "A'a, Abu Talal. Janye maganarka ka ji tukuna. Ba zan sha da wayo ba."

Wallahi da ina kusa da shi da na shaƙe shi.

Ya faɗa musu. Bai rage ba, bai ƙara ba, bai ce sanyi ne ya jawo ba, bai ce yaƙi ne ba. Ya ambaci sunan Milhim, ya ambaci sunan Dahham, ya ambaci katakon. Da ya zo kan kwat ɗin, wuƙar da ke hannun Zahiya ta faɗi ƙasa. Ba ta yi ihu ba. Ta dafa bango, ta sulale ta zauna a kan buhun burgul, ɓarzajjiyar alkama, idonta a kaina. Na ce, "Ban sani ba, Zahiya, sai shekaranjiya, na rantse da Allah."

"Gobe da safe katafila za ta isa gare shi," in ji babana. "Ban so ƙarfe ya taɓa shi ba, ban so ku same shi kamar abin da aka tsinta ba. Wanda ya yi ya mutu. Wanda ya ɓoye ga shi zaune a gabanku, ku yi yadda kuka ga dama da shi. Abin da na ajiye finjali a kansa shi ne Rakan da 'ya'yansa. Ba a haife shi ba a lokacin, kuma har yanzu da nake maganar nan bai sani ba."

Talal ya dire butar gahawa. Shi da ƙanensa suka miƙe tare, suka nufi ƙofar waje, inda motarsu take. Kowa a zauren ya san abin da ke ƙarƙashin kujerar motar nan. Daga nan zuwa kwalbati na bakwai ta cikin gona minti biyar ne. Na zaro waya na kira Rakan. Tana ta ringi. Ina zai ji, yana cikin ƙarar inji? Na sake kira. Na sake.

"Talal."

Muryar uban ce, ba ƙarfi a cikinta. Talal ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba.

"Baba, shekara arba'in da biyar! Kakata ta mutu tana kiran sunansa! Mutumin nan ya sha ruwa a hannunta!"

"Na sani. Ina nan aka yi."

Abu Talal ya daɗe yana kallon finjalin da ke kan tabarma. Fuskar nan mai fara'a ta zube gaba ɗaya, hawaye na bin gemunsa bai share ba. Ba wanda ya motsa. Wani tsoho a gefe yana ta maimaita innalillahi a hankali. Ni kuwa waya na manne a kunnena, ina jin ringi a kunne ɗaya, gurnanin katafila a ɗayan.

"Na je Bairut sau goma sha ɗaya," in ji Abu Talal. "Na je Sham. Na bi gidajen yari, na durƙusa wa mutanen da ban isa in gaya wa 'ya'yana sunansu ba. Ashe yana bakin gonata. Ina yi wa inabi ban-ruwa, ruwan na gangara kansa." Ya ɗago. "Kai kuma kullum ka wuce ka ce layi lafiya."

Babana ya ce, "Haka ne."

"Na ce maka ka sha."

"Na sauke maka wannan maganar. Ba ka san abin da kake bayarwa ba."

Nan Abu Talal ya daka tsawar da sai da kwanukan madafa suka amsa. "Kai wane ne da za ka sauke mini maganata? A zaurena na faɗa, a gaban mutanen nan na faɗa! Magana zarar bunu ce. So kake ka ɗauke mini ƙane, sannan ka mai da ni mutumin da ke lashe abin da ya tofar? Talal, dawo ka zauna! Kai ma dawo!" Ya nuna finjalin da yatsa. "Sha. Ɗan Dahham da 'ya'yansa ba mai taɓa su, daga gidan nan har abada. Da ka sha ɗazu da na fara ce maka, da na cika alkawari, amma da na tofa maka yawu a fuska. Sha ka tashi."

Babana ya ɗauki finjalin da hannu biyu. Gahawar ta huce tuntuni. Ya shanye.

"Saura nawa sharaɗin," in ji Abu Talal. "Ƙafarka kada ta sake wuce kwalbati na bakwai. Ko a mota, ko a makara." Ya juya ga ɗansa. "Ɗauke finjalin nan. Kada a sake ba wani a cikinsa."

Sai a lokacin Rakan ya ɗaga waya. "Yaya, lafiya? Kira tara!" Na ce, "Kashe injin nan ka tafi gida." Ya ce saura awa biyu a tashi. Na ce, "Rakan, don girman Allah kashe ka tafi gida." Can na ji gurnanin ya ɗauke.

Washegari ba katafila ce ta tone wurin ba. Mazan Ain Dulba ne da shebur, da suka kusa kuma da hannu. Jami'an tsaro sun zo, likita ya zo, aka yi rubuce-rubucen da za a yi, aka yi wa babana tambayoyi kwana biyu aka sallame shi. Injiniya Rula ta tsaya daga nesa, bakin nan nata ya mutu murus. Sun same shi inda babana ya ce, fuskarsa na alƙibla, maɓallan tagulla shida sun yi kore. Mu mutanen Tal Ramla ba wanda ya je jana'iza, ba a gayyace mu ba, kuma daidai ne.

Rakan ya zo gidanmu bayan kwana uku. Ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Baffa, ka bar ni ina yi wa ubana addu'a a matsayin mutumin kirki. Ka bar ni ina cin inabinsu." Babana ya ce, "Na bar ka." Rakan ya juya ya fita. An mayar da shi aiki a ƙarshen hanyar ta ɓangaren garinmu, kuma ya fi wata huɗu bai tako gidanmu ba. Ni ma na yi fushi da babana, kuma har yau ban gama sanin ko fushin na ɓoyewar ne ko na ƙin shan gahawar nan da wuri ba. Abin da na sani, tun daga ranar ban sake ce masa taɓaɓɓe ba.

An buɗe hanyar da bazara. Ta yi kyau, ba zan hana ta haƙƙinta ba. Yara na tsere da kekuna, mata na fita tafiya rukuni-rukuni da yamma, 'yan Bairut na zuwa ranar Lahadi da matsattsun wandunansu, gurasata ba ta kwana. Mutanen Ain Dulba kuwa in sun iso tasharmu sukan wuce tanderuna ba sa kallo. Babana, wanda ya fi kowa sanin hanyar nan, shi kaɗai ne a kwarin ba shi da ikon bin ta har ƙarshe. Yakan fita da safe da sanda maimakon guduma, ya taka har benci na ƙarshe kafin sabon kwalbatin, ya zauna, ya juyo. Ƙafarsa ta fara ja, shi ya sa nakan bi shi wasu ranakun.

Wata safiya muna zaune a bencin sai na hango mace tafe daga ɓangaren Ain Dulba, cikin baƙaƙen kaya, da abu a hannu. Zahiya ce. Ta zo har tsakiyar kwalbatin ta tsaya, ba ta ƙetaro ba. Babana ya miƙe da ƙyar, ya cire hula. Ba ta gaishe shi ba.

"Ka ce ya kai sa'a guda a hannunka."

"Ya kai."

"Ya yi magana?"

"Ya kira innarku sau biyu. Sannan ya ce ƙishirwa."

Wasu yara uku suka wuce a guje a kan kekuna suna ƙararrawa, ta jira suka yi nisa.

"Ka ba shi?"

"Ba ni da ruwa a ranar. Na narka ƙanƙara a tafin hannuna na ɗiga masa. Ya sha."

Zahiya ta daɗe tana kallon hannun nasa. Sannan ta ɗora butar da ta zo da ita a kan bangon kwalbatin, daidai tsakiya, ta juya ta kama hanyar gida. Tsohuwar butar ce ta kan katanga. Babana ya taka har inda aka yarda masa, ya miƙa hannu, yatsunsa suka kai da ƙyar. Ya sha, ya mayar da ita inda ta ajiye, muka juyo gida.